Tsoro na Daji ne, ko na Gida?

A shekarun da hukumar WAEC ta sa The Castle of Otranto cikin littattafan jarrabawar adabin Turanci, wato daga 2016 zuwa 2020, na sha gardama da wani abokin aikina da ya riga ni shiga koyarwa da kusan shekara ashirin. Ranar da aka kawo mana littafin, ya ɗauki ɗaya ya zauna a gindin dalbejiyar da ke bakin ofishin malamai, ya karanta shafi biyar ko shida, ya rufe, ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam, yanzu wannan za ka koya wa 'ya'yan mutane? Kwalkwali ya faɗo daga sama ya danne ango ranar aurensa. In tatsuniya ake so, ai kakanninsu sun fi wannan Baturen iyawa."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ƙarasa karantawa tukuna."

Ya ce shi ya ga abin da zai gani.

Gardamar ba ta mutu a gindin dalbejiyar ba. Ta bi mu har WAEC ta sauya littafi ta kawo Wuthering Heights, wanda shi ma fatalwa ke ƙwanƙwasa taga a cikinsa. Tambayar da muke ja a kanta ita ce: shin abubuwan ban tsoron da suka cika manyan ƙagaggun labaran Ingila, su fatalwa da kufai da ɗakin da aka garƙame da gawar da ta ƙi kwanciya, kayan tallar littafi ne kawai da aka barbaɗa don a ja mai saye, ko kuwa a cikinsu ne marubutan suka ɓoye maganar da ta fi kowace muhimmanci? Ina da ɓangaren da na karkata, amma abokina ya ci ni a wurare da yawa, kuma zan faɗi wuraren.

Salon ya fara ne da wannan littafin da ya raina. Horace Walpole, ɗan Robert Walpole da ake ɗauka a matsayin firayim ministan Birtaniya na farko, shi ya fitar da shi a 1764. Bai ma yarda ya sa sunansa ba da farko. Ya ce wai tsohon littafi ne da aka buga a Naples a 1529, aka tsinta a gidan wasu tsofaffin 'yan Katolika a arewacin Ingila, aka fassara daga Italiyanci. Sai da ya ga ya karɓu, a bugu na biyu a 1765, ya fito ya ce nasa ne, ya kuma laƙaba masa sunan labarin Gotik. Kalmar tana nufin irin ginin zamanin da, na dogayen coci-coci da ganuwoyi masu duhun lunguna, ginin da Walpole ya ƙwallafa rai a kansa har ya mai da gidansa na Strawberry Hill kamarsa. Daga nan sunan ya bi duk labarin da ke da tsohon gida, da asirin da aka binne, da budurwar da ake farauta cikin dare.

Hujjar abokina ta farko ita ce wannan kayan kasuwa ne, kuma tarihi yana bayansa. A shekarun 1790 irin waɗannan littattafai sun yi ambaliya a Ingila. Akwai maɗaba'ar Minerva ta William Lane a Landan da ke fitar da su kamar ana toya ƙosai, ana kai su shagunan hayar littattafai, inda 'yan mata da matan aure ke biyan 'yan kuɗi su ɗauka su karanta su dawo da su. An biya Ann Radcliffe fam 500 a kan The Mysteries of Udolpho a 1794, kuɗin da ba a saba jin an ba marubucin labari ba a lokacin. Manyan masana na zamanin sun tsargu. Wordsworth, a gabatarwar da ya yi wa diwanin Lyrical Ballads a 1800, ya yi kukan cewa labaran firgita sun dakushe tunanin jama'a har sun ture Shakespeare da Milton gefe. Coleridge kuwa, da ya duba The Monk na Matthew Lewis a 1797, ya nuna cewa littafi ne da ya kamata hankalin uba ya tashi in ya gan shi a hannun ɗansa. Kuma ba a banza ba: Lewis yana ɗan shekara 19 ya rubuta shi, ya cika shi da fyaɗe da kisan uwa da sayar da rai ga Shaiɗan, har da wata mata da aka jefa kurkukun ƙarƙashin ƙasa tana rungume da gawar jaririnta tana ruɓewa. Matsin da ya sha ya sa ya tace littafin a bugun 1798. Duk wanda ya ga irin zargin da aka yi wa littattafan soyayya na Kano da shagunan hayarsu zai gane muryar nan, don kusan kalmomin ɗaya ne: suna ɓata 'yan mata, suna hana aikin gida, ba adabi ba ne.

Kuma ta fuskar gwaninta, ban iya kare Otranto ba. Kwalkwalin da ya ninka na mutum sau ɗari, hoton bango da ya yi ajiyar zuciya ya sauko ya yi tafiya, mutum-mutumin da jini ya ɗigo daga hancinsa, duk an jibga su ne ba tare da an shirya zuciyar mai karatu ba. Ɗalibaina dariya suka yi, ba su firgita ba. Radcliffe ta fi shi iya riƙe numfashin mutum nesa ba kusa ba, amma ita ma tana da nata laifin. A Udolpho, jarumar labarin, Emily, ta ɗaga wani baƙin lulluɓi, ta ga abin da ya sa ta suma, sai marubuciyar ta ƙi gaya mana mene ne har sai an kusa ƙarshen wannan ƙaton littafi, sannan mu ji ashe siffar gawa ce da aka yi da kakin zuma. Abokina ya ce wannan yaudara ce, kamar mai tallar magani ya tara jama'a da kura da maciji, a ƙarshe ya fito da garin sabara. Na yarda da shi.

Inda muka rabu shi ne a kan abin da ke ƙarƙashin kwalkwalin. A cire duk abin al'ajabin Otranto a ga me ya rage. Basarake Manfred yana zaune a kan sarautar da kakansa ya samu ta hanyar ba mai ita guba da ƙirƙirar wasiyyar ƙarya. Ɗansa tilo ya mutu ranar aure. Tun gawar ba ta huce ba ya yanke shawarar sakin matarsa ya auri amaryar ɗan nasa, Isabella, don ya samu magaji, ko tana so ko ba ta so. Yarinyar ta tsere ta hanyar ƙarƙashin ƙasa tana neman mafaka a coci. A ƙarshe, cikin duhu da kishi, ya daɓa wa 'yarsa ta cikinsa wuƙa yana zaton Isabella ce. Da na tsaya a nan a aji, dariyar ta ɗauke. Babu wanda ya buƙaci in yi masa bayanin gadon da aka ci da zalunci, ko dattijon da ke ganin yarinya hanya ce kawai ta samun ɗa namiji.

Haka abin yake a Udolpho. Fatalwowin duk na bogi ne, amma Montoni na gaske ne: mijin gwaggon Emily, wanda ya kulle mata biyu a wani gida kan duwatsun Italiya yana matsa musu su sa hannu su sallama masa dukiyarsu. Matan Ingila da ke hayar littafin sun san wannan tsoron a jikinsu. A dokar ƙasarsu ta lokacin, in mace ta yi aure, kuɗinta da abin da ta samu da guminta na mijinta ne, kuma ba a fara gyara wannan ba sai da dokokin 1870 da 1882. Mu da muka tashi muka tarar shari'a ta ba mace ikon mallakar sadakinta da gadonta, sai mun yi ƙoƙari kafin mu gane girman wannan ramin. Marubuciya ba ta iya fitowa ta ce mijin Ingila na iya zama mai gadin kurkuku, amma tana iya kai labarin Italiya, ta mayar da shi baya da shekara ɗari biyu, ta sa masa tsawa da mujiya, kowace mai karatu kuma ta gane gidan da ake nufi.

Masu sukar salon sukan kafa hujja da Jane Austen, su ce ai ta gama da shi a Northanger Abbey, wanda ya fito a ƙarshen 1817 bayan rasuwarta. Gaskiya ne ta yi masa ba'a mai daɗi. Catherine Morland, 'yar shekara 17 da karatun Radcliffe ya cika wa kai, ta kwana a tsohon gida, ta buɗe wani kabad cikin dare gabanta na faɗuwa, ta samu takarda a naɗe, gari ya waye ta ga lissafin kayan wanki ne. Ta zargi mai gidan, Janar Tilney, da kashe matarsa, ɗansa ya yi mata faɗa ya tuna mata cewa a Ingila suke, ƙasar doka da jaridu. Amma a karanta gaba. Ranar da Janar ɗin ya gano yarinyar ba 'yar masu kuɗi ba ce kamar yadda aka gaya masa, ya sa aka fitar da ita daga gidansa da sassafe, ba rakiya, ta yi tafiyar mil 70 ita kaɗai. Catherine ta kuskure laifin, amma ba ta kuskure halin mutumin ba, kuma Austen da kanta ta nuna haka. Littafin da aka ce ya binne salon, shi ya tabbatar da cewa hancin salon yana jin wari daidai.

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Abin da waɗannan littattafai suka yi, musamman daga 1840 zuwa gaba, shi ne suka ɗauko tsoron daga daji suka shigo da shi tsakar gida, inda kunya ta hana a yi magana. A 1858 marubuci kuma ɗan siyasa Edward Bulwer-Lytton ya sa aka kulle matarsa Rosina a gidan mahaukata bayan ta tozarta shi a bainar jama'a, sai da surutun jaridu ya yi yawa aka sake ta bayan 'yan makonni. A shekara ta gaba Wilkie Collins ya fara fitar da The Woman in White, inda miji ya haɗa baki da abokinsa suka kai matarsa gidan mahaukata da sunan wata daban, suka ce ita ta mutu, don su ci fam 20,000 nata. Babu aljani ko ɗaya a littafin. Mace ce sanye da fararen kaya a kan hanyar Landan da tsakar dare, da takardun likita, da sa hannu.

Akwai ranar da ba na mantawa a ajin Wuthering Heights. Muna wurin da baƙon nan Lockwood ya kwana a ɗakin marigayiya Catherine, reshen itace na bugun taga, ya fasa gilashi ya miƙa hannu don ya kama reshen, sai ya ji yatsun yarinya masu sanyi kamar ƙanƙara sun riƙe shi, tana roƙon a bar ta ta shigo. Don ya kuɓuta, sai ya ja hannun nata yana goga shi a kan fasasshen gilashin har jini ya jiƙa shimfiɗa. Na tambayi ajin wane ne abin tsoro a wannan wurin. Yawanci suka ce fatalwar. Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni mutumin ne ya ba ni tsoro. Yarinya ce fa, sanyi take ji." Emily Brontë ta sa wannan aika-aikar a hannun mutumin da ya fi kowa wayewa a littafin, ɗan birni mai ladabi, tun a babi na uku, kafin mu ga ko ɗaya daga muguntar Heathcliff, jigon labarin. Ban ga yadda za a ce wannan adon talla ne ba.

Kuma 'yan gidan Brontë ba daga littafi suka koyi mutuwa ba. Gidansu a Haworth yana kallon maƙabarta. Binciken lafiyar da aka yi wa garin a 1850 ya nuna sama da kashi 40 cikin ɗari na yaran da ake haifa ba sa kai shekara shida. Yayyensu biyu, Maria da Elizabeth, sun rasu a 1825 bayan an dawo da su daga makarantar kwana ba lafiya, makarantar da Charlotte ta mayar Lowood a Jane Eyre. Wanda ya tashi a irin wannan wuri, in ya rubuta yaro a bakin taga yana neman shiga, abin da ya sani yake faɗa.

Hujjar abokina ta biyu ta addini ce, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Ya ce mu mun san wanda ya mutu ba ya dawowa yawo, kuma rayarwa ta Allah ce shi kaɗai, to don me za a cusa wa yara labarin matattu masu yawo da na mutumin da ya haɗa gawa ya busa mata rai? Frankenstein yake nufi. Amsata ita ce ƙagaggen labari ba littafin aƙida ba ne, kamar yadda ba wanda ya taɓa ɗaukar Gizo da Ƙoƙi a matsayin tauhidi, kuma littafin da kansa bai yabi wannan shisshigi ba. Mary Shelley tana da shekara 18 ta fara shi, a watan Yuni na 1816, a bakin tafkin Jeniba, a shekarar da aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya ya hana Turai ganin bazara, ruwan sama ya tsare su a ɗaki ita da Percy Shelley da Byron da likitansa Polidori, suka yi gasar ƙaga labarin ban tsoro. Tambayar da ta ɗauko tana yawo a zamanin. A 1803 Giovanni Aldini ya jona wa gawar wani da aka rataye a Landan lantarki a gaban jama'a, muƙamuƙinta ya motsa, ido ɗaya ya buɗe. Makarantun likitanci na sayen gawarwakin da aka tono daga kabari, har ta kai a 1828 Burke da Hare suka kashe mutum 16 a Edinburgh don su sayar wa malamin tiyata. Ita kuma Mary, mahaifiyarta ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarta, jaririyarta ta fari ta rasu a 1815. Victor Frankenstein ya yi laifi biyu: ya taɓa abin da ba huruminsa ba, sannan da halittar ta buɗe ido ya ga muninta, ya gudu ya bar ta. Na biyun ne ya jawo duk jinin da aka zubar. Abokina ya ce na farkon ya isa a ajiye littafin. Na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma littafin gaba ɗayansa hohon ne. A nan ba wanda ya motsa wani.

Zargin da ya fi nauyi ba shi ya kawo shi ba, ni na kawo wa kaina, kuma har yau bai sake ni ba. Wace fuska ake sa wa dodon? A zangon farko mugun kusan kullum ɗan Katolika ne, ɗan Italiya ko Sifaniya, a lokacin da Ingila ke danne 'yan Katolikanta, waɗanda ba su samu damar shiga majalisa ba sai 1829. A Vathek na William Beckford, wanda ya fito da Turanci a 1786, an ɗauki sunan halifan Abbasiyawa na tara, al-Wathiq, wanda ya yi mulki daga 842 zuwa 847, aka mai da shi azzalumin da ya bar addini ya sadaukar da yara hamsin don neman dukiyar Iblis. Mutumin da ya rubuta wannan kuwa, dukiyarsa daga gonakin rake na Jamaika take, inda bayi ke mutuwa a kan aiki. Lewis mai The Monk shi ma yana da gonaki da bayi a Jamaika. Suna zana zalunci a Samarra da Madrid, alhali na gaske yana cikin littafin lissafin kuɗinsu. A Dracula na Bram Stoker, 1897, abin tsoron baƙo ne daga gabashin Turai da ya karanci dokar Ingila, ya sayi gidaje a Landan ta hannun lauya, ya shigo da akwati hamsin na ƙasar garinsu, yana shan jinin matan Ingila yana mai da su irinsa. An rubuta shi a shekarun da ake ta ƙorafi kan Yahudawan gabashin Turai da ke kwarara unguwannin talakawan Landan, ƙorafin da ya haifi dokar taƙaita baƙi ta 1905. Mun san wannan a gida: in aka ce akwai maye a unguwa, da wuya yatsa ya nuna mai ƙarfi, tsohuwa marar gata ko baƙo yake nunawa. Da aka zo Heart of Darkness na Conrad a 1899, nahiyarmu ce gaba ɗaya ta zama gidan duhun, abin da Chinua Achebe ya yi wa kaca-kaca a laccarsa ta 1975 a Jami'ar Massachusetts.

Wurin da abin ya fi ci mini rai shi ne Jane Eyre, don littafi ne da nake ƙauna. Babu wanda ya karanta yadda aka kulle Jane tana 'yar shekara goma a jan ɗakin da kawunta ya mutu, tana ihu ba a buɗe ba, bai ji marainiyar nan a zuciyarsa ba. Charlotte Brontë ta san zafin kulle. Amma a gidan Thornfield akwai wata matar a kulle a hawa na uku, shekara goma, a ɗakin da ba taga: Bertha Mason, matar sunna ta mai gidan, Rochester, mutumin da ke neman auren Jane. Ya auro Bertha a Jamaika saboda fam 30,000 da ubanta ya bayar. Da kuɗinta a hannunsa, da ita a bayan ƙofa. Dariyarta muke ji cikin dare. Ta shiga ɗakin Jane ta yaga lulluɓin amarci, Jane ta kwatanta ta da mai shan jini. Da aka buɗe mana ƙofar, an nuna ta tana rarrafe kamar dabba. Daga farkon littafin har ƙarshensa ba a ba ta jimla ɗaya ta faɗa da bakinta a gabanmu ba. Duk abin da muka sani game da ita daga bakin mijin da ya kulle ta da ɗan'uwanta da waɗanda ke ƙarƙashin mijin muka ji. Sai da ta cinna wa gidan wuta ta faɗo daga rufi ta mutu, sannan hanya ta buɗe wa auren Jane. Marubuciyar da ta ga zaluncin da aka yi wa marainiyar Ingila sarai, idonta bai kai ga matar Jamaika ba. An yi shekara 119 kafin Jean Rhys, haifaffiyar tsibirin Dominika, ta ba wannan matar suna da ƙuruciya da murya a Wide Sargasso Sea a 1966.

To me ya rage wa mai kare salon? Abu biyu, a ganina. Na ɗaya, salon da kansa ya yi ta juya wuƙar yana nuna cikin gida. A Dr Jekyll and Mr Hyde na Stevenson, 1886, dodon ba daga ƙetare ya zo ba. Likita ne mai daraja a Landan, mai sadaka, wanda ya haɗa magani don ya riƙa aikata abin da yake so da wata fuskar, mutuncinsa na ajiye. Stevenson ya tashi a Edinburgh da labarin William Brodie, ɗan majalisar gari da rana, ɓarawo da dare, wanda aka rataye a 1788. A Dorian Gray na Oscar Wilde fuskar saurayi mai kuɗi ba ta tsufa, hotonsa da ya ɓoye a ɗakin sama ke ɗaukar duk ƙazantarsa. Miss Havisham ta Dickens, da rigar amarcinta da ta koma rawaya, da agogunan da ta tsayar a ƙarfe tara saura minti ashirin, da kek ɗin biki da gizo-gizo ya lulluɓe, 'yar Ingila ce tsantsa, kuɗin giyar ubanta take ci. Mary Shelley ta ba dodonta tsakiyar littafin ya yi magana da bakinsa, ya faɗi yadda ya koyi harshe ta leƙen wani iyali ta tsagar bango, ya riƙa yi musu itace cikin dare, da ya fito ya gaishe su suka kore shi da sanda. Emily Brontë kuma ta tsinto Heathcliff a titin Liverpool, babbar tashar cinikin bayi, yaro mai duhun fata da ba a jin yarensa, ta nuna mana mataki-mataki yadda duka da wulaƙanci suka gina mugun da ya zama.

Na biyu, ko a inda littafin ya yi rashin adalci, tsoron ne ya bar mana shaida. Littattafan zaman falo da shan shayi na wancan zamani sukan ambaci kuɗin da ke zuwa daga ƙetare su wuce, kamar daga sama yake faɗowa. A Jane Eyre kuɗin yana da jiki, yana da haƙora, yana yawo da kyandir cikin dare. Birtaniya ta haramta bauta a 1833 ta biya masu bayi diyyar fam miliyan 20, bayin ba a ba su ko kwabo ba. Shekara 14 bayan haka, wata 'yar limamin coci a ƙauyen Yorkshire ta fitar da labarin soyayya, sai ga Jamaika a saman benen tana dariya. Ruwa ba ya tsami banza. Ban ce Charlotte ta yi niyyar tona wannan asiri ba, kuma ban wanke ta ba. Amma ba don ta zaɓi salon ɗakin da aka garƙame ba, da Rhys ba ta samu ƙofar da za ta buɗe ba, da mu ma ba mu samu abin da za mu tambaya a aji ba.

Saboda haka nake koyar da su, da hujjar abokina a aljihu ɗaya, da tawa damuwar a ɗayan. Ina gaya wa ɗalibai cewa Otranto gini ne marar kyau da aka kafa a kan tushe mai kyau, cewa The Monk ba na shekarunsu ba ne, kuma duk ɗakin da suka tarar a kulle su tambayi wa ke ciki, wa ke riƙe da makulli, kuma daga bakin wa suka ji cewa na cikin mahaukaci ne.

Abokina ya yi ritaya kafin a gama zangon Wuthering Heights. Ana saura 'yan makonni ya tafi ya ari Jane Eyre a wurina, ya ce yana so ya ga matar da nake ta yi wa kuka. Ya riƙe shi har bayan hutu. Da na je gaishe shi a gida, na tarar da shi a zaure, ya sa aka ɗauko littafin daga ciki, ya sa masa tsinken tsintsiya a wurin da aka buɗe ɗakin hawa na uku.

Ya ce, "Malam, maganar kwalkwali ina nan a kan bakana, shirme ne. Amma wannan baiwar Allah, shekara goma, ba wanda ya zo daga danginta ya ce a fito da ita?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗan'uwanta ya zo. Ya hana ɗaurin auren Jane, sannan ya koma ya bar ta a ɗakin."

Ya yi shiru yana juya littafin a hannu. Can ya tambaye ni ko ina da na matar nan ta Dominika, na ce zan aiko masa da shi ranar Juma'a.